Kunyar Jatau

Jakar tana nan a bayan ƙofa, koriya, ɗaure tamau, an ɗora mata takalma a kai. Duk sanda Saloma ta zo shara sai ta kewaye ta da tsintsiya. Ba ta taɓa ta, ba ta kuma tambayi mai ita ba, don ta san amsar. Ɗanjuma, abokin mijinta tun suna kurata, ya bugo waya daga Legas ta wurin yarinyar nan mai sana'ar waya a ƙarƙashin lema a bakin tasha, ya ce akwai gurbin mai gadi a kamfanin da yake aiki, kuma tsohon soja ake nema. Mijin nata, Kefas, ya ce masa yana nan tafe ƙarshen wata.

Tun da Saje Kefas ya ajiye kaki ya dawo Zuru bai zauna ba. Ba a ce ba ya ɗora jikinsa a kujera ba, yana ɗorawa, amma a gefe-gefe, ƙafa ɗaya tana rawa. Tuwo a tsaye yake ci in ba a yi masa magana ba. A coci kuwa bakin benci yake nema, kusa da ƙofa, kafin a idar da addu'ar rufewa ya riga ya kai waje. Kullum safiya sai ya taka zuwa tasha, ya tsaya hannu a baya yana kallon motocin Kwantagora suna lodi, in ta ƙarshe ta tashi ya juyo gida kamar wanda ya raka baƙo. Ya je Laberiya, ya je Saliyo, ya dawo ko ƙwarzane babu. An yi godiya a coci, matan Zumunta sun yi rawa har ƙura ta tashi. Saloma ma ta yi rawar, da zuciya ɗaya. Sai daga baya ta gane cewa mutumin da aka dawo mata da shi jiran mota yake yi.

Abin yana ci mata rai, ba kaɗan ba. Wannan fa shi ne saurayin da ya yi mata golmo, wato noman da samarin Lelna kan yi wa mahaifin yarinya shekara da shekaru kafin a ba su aure. Ta sha laɓewa bayan rumbu a garinsu Dabai tana kallonsa da sa'o'insa sun jeru a gonar babanta, garma na tashi tana sauka, ƙasa na kifewa. Kunyar Kefas ba ta karkata. Babanta, wanda bai iya yabon ɗan adam ba, yakan bi ta da ido daga wannan baki zuwa wancan, ya yi gyaran murya ya wuce. Yau ga damina ta sauka, maƙwabta duk sun fita huɗa, garmar Kefas kuwa tana rataye a rumfa, ta yi tsatsa, gara ta cinye ƙotar.

Ita Saloma mace ce mai yarda da littafi, amma ba kowane ba. Tun da ta koyi karatu a ajin manya na Zumuntar Mata, ta riƙe cewa kowane abu a duniya yana da hanyarsa, kuma wani mai hankali ya riga ya rubuta ta. Da littafi ta koyi haɗa sabulu, da littafi ta koyi cincin ɗin da take kai wa shaguna, da shi ta iya rinin da ta yi wa 'yarta Monica zannuwa lokacin da za ta tafi makarantar jinya a Birnin Kebbi. Abin da take so a littafi shi ne ya ce mata ɗauki kaza, zuba kaza, jira ya huce. In ya yi hoto, madalla. In ya tsaya surutu, ta rufe shi. Don haka da jakar nan ta ƙi barin bayan ƙofa, ba ta nufi gidan fasto ba, ba ta kai ƙara wurin dangi ba. Shagon Cletus mai sayar da littattafai ta nufa.

Cletus ya daɗe a Zuru har yaransa sun fi shi jin yaren garin, wato C'lela, amma har yau bai raba "ka" da "ki" ba, kuma bai da niyya. Shagonsa na bakin kasuwa ƙunci ne da shi, Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi a sama, na makaranta a tsakiya, sauran tarkace a kan tebur, ƙura ta yi musu hula. Saloma ta daɗe tana juya littattafai. Abin da take nema ba ta san yadda za ta faɗe shi ba, don ba a shiga shago a ce a ba ni littafin zaunar da miji. Daga ƙarshe ta ce tana son sana'ar da za ta riƙe namiji a gida, wadda in ya juya baya kwana ɗaya za ta lalace.

Cletus ya dube ta ta saman tabarau, bai tambayi komai ba. Ya zaro littafin *kiwon kaji*, mai bango ruwan ɗorawa da hoton zakara. Sannan, da yake ɗan kasuwa ne, ya haɗo da wani mai shuɗin bango, ya ce tarin gajerun labarai ne, marubuta daban-daban, sabon zuwa daga maɗaba'a ɗaya da na kajin.

"Labari zan dafa?" in ji Saloma.

"Mama Monica, ka saurara. Mai sayen littafin sana'a, in ya dawo, faɗa ya kawo, wai sabulu bai yi kumfa ba. Mai sayen labari, in ya dawo, tambaya yake ko akwai wani. Wannan kuma kamar kasuwa ne, in rumfa ɗaya ba ta yi maka ba, ka wuce gaba."

Ta ce ita ba yawon kasuwa ta zo ba. Ta ɗauki na kajin ta fita.

Da ta isa gida ta ajiye shi a kan kujerar mijinta. Kefas ya ɗauke ya ɗora a taga ya zauna. Ta mayar, ya sake ɗaukewa. Haka suka yi ta yi, har wata rana da azahar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya tsare shi a ɗaki. Tana madafa tana jin takunsa, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa. Can sai takun ya ɗauke. Shirun ya yi tsawo har ta tsorata, ta leƙo. Yana zaune, zama na sosai, baya jingine, littafin a hannunsa.

"Maman Monica, littafin ga naki, na kaji ne ko na mutane?"

Ta karɓa ta duba. Farkonsa lafiya lau: yadda ake gina akurki, inda ya kamata ƙofa ta fuskanta, irin dusar da ake saye. Amma daidai inda aka shiga babin cututtuka, sai ga wasu shafuka da ba su da alaƙa da kaza ko ta miya. Masu ɗinkin littafi ne suka yi aika-aika, suka cusa wani yanki na littafin labarai a cikin na kaji. Ran Saloma ya ɓaci. Wurin da ta fi buƙata, wurin da zai gaya mata abin da za ta yi in kaza ta fara gyangyaɗi, shi ne aka cire aka sa mata tatsuniya. Ta ce ruwa na ɗaukewa za ta mayar wa Cletus kayansa.

Kefas ya miƙo hannu ya karɓe. Ya ce ta bari tukuna.

A ranar ya karanta mata, da muryar nan tasa ta fareti da ya rage mata ƙarfi. Labarin wani ne mai suna Jatau, wanda ya yi shekaru yana aikin jirgin ƙasa a kudu, ya dawo ƙauyensu. An yi masa maraba, an yanka akuya. Amma gadonsa ya yi masa gajarta, hirar dandali ta yi masa tsawo, yara suna gaishe shi kamar baƙo. Wata safiya ya ɗauki garma ya tafi gona, ya fara huɗa, ya kai tsakiya ya jefar ya dawo. Daga nan ya ɗaure kayansa. Kefas ya rage sauri da ya zo ƙasan shafin ƙarshe.

"Ya saɓa jakarsa ya fito bakin hanya. Mota na tsaye, yaron mota na kira. Bai shiga ba. Abin da ya riƙe ƙafarsa shi ne kunyar da…"

Ya juya shafi. "…mazubin ruwan ya zama marar zurfi, don kada 'yan tsaki su faɗa ciki."

Saloma ba ta san sanda dariya ta ƙwace mata ba. Shi ma gefen bakinsa ya motsa, abin da ta daɗe ba ta gani ba. Ya juya gaba, ya juya baya, ya girgiza littafin ko wani shafi zai faɗo. Babu. Daga nan har bango kaji ne.

Ita ce ta fara cewa ai ƙarshen a bayyane yake: kunyar da ya bari a gona ce, wadda bai ƙarasa ba. Kefas ya ce ina, kunya dai ta ido, irin wadda ke kama namiji. Nan fa aka tsaya. Da a C'lela aka rubuta labarin da ba a yi wannan gardama ba, don kowace da sunanta. Ko a Hausar ma, da a baki aka faɗa, murya za ta raba su. Amma a takarda harufa biyar ne, iri ɗaya sak, kuma marubucin ya tsaya a kansu kamar da gayya.

Gardamar ta ƙi mutuwa. Ta bi su cin tuwo, ta bi su hanyar coci. Saloma ta kafe cewa mai rubutu ba zai ɓata tawada ya nuna mutum ya jefar da garma a tsakiyar gona ba, in ba zai komo da shi wurin ba. Ko a littafin sabulu, in an ce ka ajiye wani abu gefe, to za a dawo kansa. Kefas ya ce labari ba sabulu ba ne, kuma waɗannan marubutan na birni ba su san kunyar gona ba balle ta riƙe musu ƙafa. Ta ce shi fa, da ya san ta? Ya yi kamar bai ji ba.

Amma yana magana, abin da ya fi komai ke nan. Mutumin da tun dawowarsa ba ta samu daga bakinsa abin da ya wuce "to" da "bari in taka" ba, yanzu shi ne ke biyo ta madafa da littafin kaji a hannu yana kare Jatau. Ya ce ba ta gane ba ne. Mutum ya daɗe inda kullum ake gaya masa inda zai tsaya da inda zai kwanta, sai rana ɗaya a ce masa je ka gida ka huta. Ya zo gidan, ya tarar kowa ya iya rayuwa ba da shi ba. An gyara rufi ba da shi ba, an yi jana'iza ba da shi ba, yarinya ta girma ba da shi ba. In ya zauna ya tsare wa mutane hanya, in ya tashi bai san inda zai sa hannunsa ba.

"Ga shi an yi mishi rawa," ya ce. "Wanda aka yi wa rawa, ta yaya zai buɗe baki ya ce bai jin daɗin zama?"

"Jatau akuya aka yanka mishi, Baban Monica. Ba a yi rawa ba."

Ya dube ta, ya dubi littafin. Ya ce to, akuya. Ya fita, amma ba tasha ya nufa ba, bayan gida ya zagaya ya daɗe.

Tausayinsa ya kama ta. Tsoro kuma bai sake ta ba, don jakar ba ta motsa daga inda take ba, wata kuwa yana ta ƙarewa. Sai ta sami kanta tana wani lissafi da ita kanta ta san na wauta ne: in kunyar gona ce, Kefas zai zauna, in ɗayar ce, zai tafi. Mace mai auna soda da cokali, ga ta ta rataya aurenta a kan kalmar da wani baƙo ya rubuta a wani gari. Ta yi wa kanta faɗa, lissafin bai fita ba. Ranar jajibirin tafiyar, bayan ta sauke cincin, ta ɗauki kwandon cefane ta tare ɗan kabu-kabu.

Cletus bai yi mamakin ganinta ba. Tun kafin ta gama bayani ya jawo shuɗin littafin nan da ta raina, ya buɗe tsakiyarsa. Ga babin cututtukan kaji kwance a ciki, cikakke, har da hoton kaza ta saki fukafukai. Ya ce duk kwalin haka ya zo, masu labari suna ta zuwa da ƙorafin an sa musu zawon kaji a tsakiyar soyayya.

"Amma ka makara, Mama Monica. Oga Saje ya riga ka."

"Wane Saje?"

"Naka mana. Shekaranjiya ya zo. A nan ya tsaya ya karanta, a tsaye, na ba shi kujera ya ƙi. Da ya gama ya ajiye, ya ce na gode, ya tahi."

Saloma ta ƙirga kwanakin. Shekaranjiya. Jiya kuwa sun yi gardamar nan har sau biyu, bai nuna ko a fuska ba. Ta karɓi littafin, ta wuce shafukan kajin da ta daɗe tana nema ba ta ko dube su ba, ta sami inda labarin ya ci gaba. Saura bai fi rabin shafi ba.

Kunyar da ya ji ce, da ya waiwaya ya ga matarsa tsaye a ƙofar gida tana kallonsa. Ba ta kira shi ba, ba ta yi kuka ba. Ya kasa hawa mota a kan idonta. Ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi, ya daɗe yana gyarawa, har tukunyar da ta bari a wuta ta kira ta. Da ta shiga ciki, ya hau.

Shi ke nan. Ko kalma ɗaya ba a sake yi a kan gona ba.

Ta karanta sau biyu, ko za ta ga inda marubucin ya yi kuskure. Haushinsa ya cika ta, mutumin da ba ta taɓa gani ba. Littafin sabulu bai taɓa yi mata haka ba. In ya ce kumfa, kumfa za a gani. Wannan kuwa ya san gidanta, ya san ƙofarta, ya san har tukunyarta, sannan ya ƙi gaya mata abin da za ta yi. Ta rufe shi za ta ajiye, sai ta ga hannunta ya ƙi saki. Ta ce wa Cletus ya sa mata a leda.

"Saboda maganin kaji?" ya tambaya.

"Saboda maganin kaji," ta ce.

Ta tura shi can ƙasan kwando, ta rufe da alayyafo da tattasai. A hanya ta yi ta ce wa ɗan kabu-kabun ya ƙara wuta, shi kuma yana kauce wa ramukan da ruwa ya cika. Da suka wuce tasha ta leƙa kowace mota, ko da yake ta san sai gobe.

Ta same shi a tsakar gida, zaune a kan turmin da aka kifa. La'asar ta yi sanyi, hadari na haɗuwa a kan duwatsu ta wajen Dabai. Ya sauko da garmar daga rumfa, ya cire ruɓaɓɓiyar ƙotar, yana feƙe wata sabuwa da wuƙarsa ta soja. Ta ƙofar ɗaki kuma, da ke buɗe, ana hango jakar a inda take, ɗaure, takalma a kai. Ta dubi wannan, ta dubi waccan, ba ta san wadda za ta gaskata ba.

Ya amsa sannunta bai ɗago ba. Ya gwada ƙotar a bakin garmar, ta yi kauri, ya ci gaba da fiƙa.

"Na biya ta wurin Cletus," ya ce. "Na ga ƙarshen labarin ga."

Ta riƙe kwandon da hannu biyu. "To, mi ya ce?"

"Ke ce da gaskiya. Kunyar gona ce." Ya hure ɓawon itacen daga gwiwarsa. "Ya koma ya ƙarasa ta."

Tun suna saurayi da budurwa Kefas bai iya ƙarya ba, kunnensa ne ke motsi. Yanzu ma ya motsa. Littafin yana nan a ƙarƙashin alayyafo, tana jin kusurwarsa a cinyarta ta jikin kwandon. Da ta so, da hannu ɗaya za ta zaro shi.

"Ai na faɗa maka," ta ce.

Ta tsaya a wurin. Ba ta da abin yi a tsakar gidan, amma ta tsaya, tana kallonsa yana juya itacen a hannu, yana dubawa, yana sake dubawa, ya daɗe yana dubawa. Iska ta taso ta kaɗa zanen da ke kan igiya. Wutar da ta bari a murhu tun ɗazu ta kusa mutuwa, ga miya ba a ɗora ba, ga hadari.

Ta juya ta shiga madafa. Ta ajiye kwandon, ta durƙusa gaban murhu, ba ta hura ba. Ta kasa kunne.

Da fari ba ta ji komai ba sai iska. Can sai ga shi, ƙwas, ƙwas, ana buga ƙota a kan dutse don ta zauna a bakin garma. Ta jira ta ji ko zai tsaya. Sannan ta sunkuya ta hura wutar.